Gibin da ya cinye mini makonni shida

Har yau in na tuna shafi na 11 na aikin nan sai raina ya sosu. Aikin digirina na biyu ne a lissafi, kuma abin da na ɗaukar wa kaina shi ne gina jometiri daga tazara kaɗai. A ba ni ɗigogi, a gaya mini nisan da ke tsakanin kowane biyu, shi ke nan. Ba zan ari komai daga tofoloji ba, wato fannin da ke nazarin haɗuwa da yankewar siffofi ba tare da auna nisa ba, ba kuma zan ɗauka cewa layi yana tafiya santal ba yankewa.

Dokokin tazara da masanin lissafi Maurice Fréchet ya shimfiɗa a 1906 ba su ba ni wahala ba. Ma'anar "tsakani" ta Karl Menger, ta 1928, ita ma ta shige salin alin: B yana tsakanin A da C idan nisan AB da na BC suka haɗu suka ba da AC cif.

A shafi na 11 na faɗi. Na rubuta cewa muddin kowane ɗigo biyu suna da ɗigon tsakiya, to akwai miƙaƙƙiyar hanya daga wannan zuwa wancan. Hujjata: raba tazarar biyu, sake raba kowane rabi biyu, ka yi ta yi har ɗigogin su cike layin. Na rufe da "wannan a bayyane yake". A kan jumlar nan na ɗora aikin makonni shida.

Malamin da ke duba aikina bai ma kai shafi na 12 ba. Ya ce, "Ka gwada wannan a filin da duk ɗigoginsa lambobin kashi ne, irin su 1/2 da 3/4?" Na ce, "Malam, ai can ma akwai tsakiya." Ya ce to in zana da'irar da bakinta ke da nisan 1 daga cibiya (0,0), in ja layi zuwa (1,1), in nuna masa inda suka haɗu. Mahaɗar tana buƙatar 1/√2, wanda ba lambar kashi ba ce. Layin ya ratsa da'irar ya fita bai taɓa ta ba! Ɗigogin tsakiya suna nan birjik, amma gibi ne cike a tsakaninsu, kuma rabawa biyu-biyu ba za ta taɓa toshe shi ba.

A daren ban yi barci ba. Na gano cewa ko ginin farko a littafin jometirin Euclid, alwatika mai gefe uku daidai, ba ya tsayawa a filin nan, don da'irori biyun da ake zana shi da su suna haɗuwa ne a (1/2, √3/2), kuma √3/2 ba lambar kashi ba ce. Da'irar x² + y² = 3 kuwa ba ta da ko ɗigo ɗaya a filin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da na yi alƙawarin ba zan ara ba shi ne ya shigo ta hannuna, domin fensir ba ya barin gibi a takarda, ni kuma na gaskata fensir.

Gyaran bai fi layi uku ba: sharaɗin cika, wato duk jerin ɗigogin da ke ta matsowa kusa da juna, wanda ake kira jerin Cauchy, dole ya sami ɗigon da zai dira a kai. Na sami sauƙi da na ga sharaɗin na tazara ne zalla. Tofoloji ba ya bambanta layin lambobi gaba ɗaya da yankin da ke tsakanin 0 da 1 ban da bakunansa, alhali na farko cikakke ne, na biyu ba haka ba. Amma sai da na bi kowace hujja da ke bayan shafi na 11 ɗaya bayan ɗaya, biyu daga ciki suka rushe.

Yanzu duk jumlar da na rubuta sai na gwada ta a filin lambobin kashi kafin in wuce. Sannan in gwada ta da tazarar tasi, wato nisan da ake aunawa a kwance da a tsaye kamar motar tasi mai bin tituna, inda (0,2) da (1,1) da (2,0) duk tsakiya ne tsakanin (0,0) da (2,2). Wannan gwajin ya kama mini wani kuskuren, na zaton tsakiya ɗaya ce tak, amma yini ɗaya ya ci. Shafi na 11 na asali yana nan cikin jakata, da jan biron Malam a ƙarƙashin "a bayyane yake".