Karkashin da na rubuta a layin ciyawa

Daminar da makaranta ta tura mu sanin makamar aiki a wani ƙauye kusa da Garwa, aikina ƙirga ciyawa ne a gonakin gyaɗa. Sai in auna mita ɗaya kowace kusurwa, duk tsiron da ba gyaɗa ba in rubuta shi, daga baya a ba mai gona shawarar feshi.

A gonar wata dattijuwa na tarar an yi noma tas, amma an bar wani tsiro nan da can a gefen kunya. Na ɗauka ganda ce irin ta 'yan ƙwadago. Na ce, "Inna, an bar miki ciyawa fa."

Ta dube ni. "Ɗan nan, wa ya yaye ka? Miyar taka ce ciyawa?"

Karkashi ne. Na sha miyarsa tun ina yaro, da kanwa da daddawa a kan tuwon dawa, amma busasshe na san shi, a ƙoƙo. Ban taɓa ganin furensa ba sai ran nan. Yana rataye kamar ƙaramin kakaki, launinsa tsakanin fari da ja-ja, cikin maƙogwaronsa an ja zane-zane masu duhu. Ina tsugune ƙudan zuma ya kutsa ciki har ya ɓace, ya fito da baya-baya jikinsa duk gari.

Da dare na duba littafi. Ɗan'uwan riɗi ne, gidansu ɗaya. Masanin tsirrai Endlicher, mutumin Ostiriya, shi ya raɗa masa Ceratotheca sesamoides a 1832, saboda ƙahonni biyu da ke bakin kwanson 'ya'yansa. Ya makara dai, don Fulanin nan tuni suna ce masa gubuɗo, a Cadi kuma ambunu, wanda mata ke jiƙawa su wanke gashi da yauƙinsa. Yanzu har a intanet ake tallarsa.

Abin da littafin bai ba ni ba, Inna ta ba ni. Ba ta shuka shi. Yana son jigawa, yana jure ƙishi, kuma in aka bar wasu suka bushe a tsaye, su za su zubar da irin baɗi. Ana tsinkar ganyen yana sake tohowa, ta shanya na rani, ta kai ragowar kasuwa. Maƙwabcinta mai feshi kowace shekara, matarsa wurinta take saye. Maganin ciyawa bai san miya ba.

Ba na ƙin feshi. Wanda ya taɓa yin maimai a watan Agusta ba zai ƙi shi ba. Takardar tawa ce ke da layi biyu kacal, amfanin gona da ciyawa. Washegari na ja na uku da biro, kuma kafin in auna kowace gona sai na fara tambayar matar gidan.