Gwajin da ya rufe mini ido

Laraba, da dare.

Yau kusan rabin yini na ɓata a kan layi biyu, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Jiya na rubuta wani ɗan mai amsa buƙata (ɓangaren sabar yanar gizo da ke mayar da amsa ga wanda ya tambaya) da yaren kwamfuta na Go, aikinsa kawai ya mayar da bayanan mai amfani a tsarin JSON, wani salon rubuta bayanai da manhajoji ke karantawa. Na yi masa gwaji uku da httptest, kayan gwajin saba na Go: buƙata mai kyau ta dawo da lambar nasara 200, sunan da babu shi ya ba da 404 (ba a samu ba), wanda ya turo POST (aika bayani) a inda ake jiran GET (neman bayani) ya sha 405 (ba a yarda da wannan hanya ba). Duk suka wuce lafiya lau, na rufe kwamfuta ina jin kaina.

Da safe sai ga saƙon abokin aikina: "Malam, sabarka tana cewa text/plain take aikowa." Na ce masa ba zai yiwu ba, ai gwajin yana duba Content-Type, wato kan saƙon da ke faɗin nau'in abin da aka aiko, kuma JSON yake nunawa, ba text/plain (rubutu zalla) ba. Har hoton sakamakon na tura masa, don ƙarfin hali.

Sai da na kunna sabar na jarraba da curl, manhajar aika buƙata ga saba, na gani da idona. Ashe na kira Write, mai rubuta jikin amsa, kafin in saka Content-Type. A Go, da zarar ka fara rubuta jikin amsa, kanun saƙon sun riga sun tafi tare da 200, duk abin da ka ƙara daga baya ihu ne bayan hari. Da sabar ba ta ga nau'in ba, sai ta leƙa farkon bayanan, abin da bai wuce bayit 512 ba, ta yi hasashen rubutu ne zalla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gwajin ya rufa wa kuskuren asiri. Ina karanta rec.Header() (rec shi ne abin da ke naɗar amsa a gwajin), wanda ke nuna duk abin da aka zuba ko da bayan an aika. Wanda ya kamata in duba shi ne rec.Result().Header, shi ke riƙe kanun kamar yadda suke a lokacin rubutun farko. Tun Go 1.7, a 2016, yake nan, ni ne dai ban taɓa waiwayarsa ba.

Da farko ban taɓa mai amsa buƙatar ba. Na fara gyara gwajin, na ga ya faɗi da ja, hankalina ya kwanta, sannan na sauya wa layukan biyu wuri.

Kafin in tashi na bincika sauran fayilolin gwaji. Akwai rec.Header() a wurare bakwai. Gobe ke nan.