Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana A Rainon 'Yan Kyanwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, jiya bayan La'asar aka zo aka ɗauki ta ƙarshe cikin 'yan kyanwan da aka tsamo daga kwatar bayan gidanmu a nan Agege ta jihar Legas, kuma gaskiya jikina ya gaya mini, domin sai yanzu gajiyar ta sauko gaba ɗaya. Ba sai na maimaita yadda ruwan Yuli ya cika layinmu ba, ko yadda uwarsu ta ɓace, ko yadda muka rasa ɗaya daga cikin huɗun, tunda yawancinku kun bi labarin tun farko.

Sun zo hannuna idanunsu a rufe, alamar ba su wuce kwana 10 da haihuwa ba. Likitan dabbobi ya gargaɗe ni da kada in kusantar musu da madarar shanu ko ta gwangwani, saboda zawo take sa su, sai dai madarar da aka haɗa musamman domin jariran kyanwa, a ba su da sirinji duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, suna kwance a kan ciki don kada ta shige musu huhu. Bayan kowace ciyarwa kuma sai an shafa musu ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi, domin ba sa iya fitsari ko bayan gida da kansu sai sun kai kusan mako 3. Abin da ya fi nanata mini shi ne sanyi: jaririn kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa, kuma idan ya yi sanyi ba a ba shi madara sai an fara ɗumama shi.

Wannan gargaɗin ne ya faɗo mini a daren da ba zan manta ba. An ɗauke wuta, ana ruwa, gas ɗinmu ya ƙare tun da yamma, na sa hannu cikin kwali na ji ƙaramarsu ta yi sanyi ƙalau, ko kukan ma ta daina, bakinta kawai take buɗewa. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta Iya, dattijuwar Bayarabiya da muke haɗa baranda da ita, wadda ita ce ta fara kai ƙarata wurin mai gidan haya saboda 'yan kyanwan, domin ta taso inda ake danganta kyanwa da maita. Na ƙwanƙwasa a kunyace, na ce, “Iya, don Allah ko akwai ruwan zafi?” Ba ta tambaye ni komai ba. Ta fito da filas ɗinta, ta juye ruwan a gorar roba, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe gorar, sannan ta zauna a tabarma tana haska mini da fitilar wayarta. Da ta ga hannuna yana rawa sai ta ce da 'yar Hausarta, “Hajiya, kawo shi nan,” ta karɓi dabbar da take tsoro ta rungume a ƙirjinta har muka ji ɗan siririn kuka gab da kiran assalatu. Na san ba za ta so in ambace ta a bainar jama'a ba, amma shiru a kan wannan zai zama butulci. Iya, Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki jikoki, Ya sa ki gama lafiya.

Ina kuma godiya ga Baba mai gadi, wanda ya tattare wando ya shiga kwata har gwiwa, da ƙanena mai Keke Marwa, wato adaidaita sahu, da ya kai mu inda za mu samu motar Ikeja cikin ruwan sama ya ƙi karɓar ko sisi, a lokacin da acaɓa ba ya shiga can tun haramcin da gwamnatin Legas ta sa a 2022. Akwai kawuna mahauci a mayankar Oko-Oba da ya riƙa ware musu tsoka tun da suka fara cin abinci, da likitan da ya sassauta mana kuɗin maganin tsutsar ciki da rigakafi. Malam limamin masallacin layinmu ya kashe wutar rigimar gidan haya da ya tunatar da mu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Maigida kuwa ya jure ƙarar agogo a tsakar dare bai taɓa ɓata rai ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya buɗa muku ƙofofin arziki, Ya kare ku daga sharrin dare da na rana, Ya sa ku tarar da shi a mizani, Ya tausaya muku fiye da yadda kuka tausaya wa waɗannan bayin nasa.

'Yan uwa na jini da ke Idi-Araba, waɗanda labari ya iske ni cewa suna cewa na rasa aikin yi, ban riƙe kowa a zuci ba, sai dai ko sannu ta waya da ta wadatar.

Waɗanda suka nemi in ba su tun suna ƙanana don su kori ɓera a shago, su yi haƙuri da ƙin da na yi, domin ba a raba ɗan kyanwa da inda ake rainonsa kafin mako 8, ni kuma na ga ya fi kyau in jira su kai wata 3 a yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ƙaramar nan tana wurin wani iyali masu sana'ar albasa a Mile 12, sauran biyun suna nan Agege. Ina roƙon iyalan da suka ɗauki matan su tuna cewa kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, kuma cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai, saboda haka su koma wurin likita a kan lokaci don maganar aikin hana haihuwa. Wanda kuma riƙon ya gagare shi, ya dawo mini da ita gida, kada ya kai ta bola ko ƙarƙashin gada.