Ba Bangaskiya Ba Ce, Bashi Ne

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na ga wani yaronmu na ƙungiyar mawaƙa zaune a bayan majami'a yana latsa waya. Manhajar ba da rance ce, yana neman kuɗin ɗaukar zauren biki. Na tambaye shi da me zai biya, ya ce, "Baba, Ubangiji zai tanada." Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

A 2016 na yi aure, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe, shinkafa ta yi tsadar da ba mu saba gani ba. Na karɓi naira dubu 300 a hannun wani mai ba da bashi da ruwa, kashi 10 cikin 100 kowane wata. Dubu 30 ke nan duk wata. Shekara ta zagayo na biya dubu 360, uwar kuɗin tana nan ko kwabo bai ragu ba. Wani dattijon ikilisiya ne ya tsaya mini, saboda haka na daina zuwa addu'ar Laraba don kada mu haɗa ido. Baiko ma sai in dunƙule hannu in kai bakin jaka babu komai a ciki. Wannan har yau yana ci mini rai fiye da kuɗin.

To amma me zan yi a lokacin? Mahaifiyata ta shekara da shekaru a zumuntar mata, ta yi ankon 'ya'yan kowa. In bar ta ta sunkuyar da kai ranar nata? Har yanzu wani lokaci nakan ce ban yi laifi ba. Sai in tuna matata tana kuka ranar da muka sayar da keken ɗinkinta, ga ciki wata bakwai. Na san Karin Magana 22:7 tun ina makarantar Lahadi, cewa mai cin bashi bawan mai ba shi ne. Sani bai hana ni ba. Na sa wa son a yaba mini suna bangaskiya.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma ba su kai ba. Kada ku ci bashi don abin da za a cinye a wuni ɗaya. Matar nan ta 2 Sarakuna 4, da mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu, Elisha bai ce mata ta ƙaro rance ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida. Ku kuwa ba ku ƙirga na gida, sai na Facebook: hoton kafin aure, hoton bayan aure, kaya kala uku! Su kuma waɗansu manhajojin, in ka makara, kowa da ke cikin wayarka sai ya sami saƙo, har fastonka.

Kada ku tsaya wa kowa, Nassi ya gargaɗe mu shimfiɗar mutum ma ana iya janye ta. Na faɗa, ko da yake da dattijon nan bai tsaya mini ba, bai kuma yi haƙuri da ni ba, ban san inda zan kwana ba. In kuwa yaro ne ba lafiya, ku ci bashin, ni ma zan ci. Wanda kuma ya riga ya ci, ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, kada ya ɓuya kamar ni.

Yaron ya saurare ni cikin ladabi, amma wayar ba ta bar hannunsa ba. Bikin a Disamba ne. Gobe da yamma zan je wurin mahaifinsa.