Maganin da na jefar shi ne mai tsare mini ƙoda

Takardar gwajin jinin nan tana cikin durowata har yau, ta fara yagewa daga inda nake ninke ta. Lamba ɗaya ce a kanta ta ja mini duk abin da nake ciki: 1.3, awon kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini. Mako biyu kafin nan lambar tana 1.1. A kan wannan ɗan bambancin na yanke hukuncin da ya cinye mini kusan rabin aikin ƙodata, kuma ni kaɗai na yanke shi, ban tambayi kowa ba.

Ina da shekara 46 aka ce ina da hawan jini, 164 bisa 102. Ba ciwon kai, ba jiri, ba komai. Likitar ta sa aka auna fitsarina, aka ga furotin yana ɗan yoyo a ciki. Ta rubuta mini maganin hawan jini mai suna lisinofiril, ƙwaya ɗaya kullum, ta ce bayan mako biyu in yi gwajin jini in kawo mata. Gwajin kam na yi. Kai mata ne ban yi ba. Na tsaya a bakin ɗakin gwaji na buɗe takardar, na ga kiriyatinin ya hau, na ciro waya na duba, na ga an ce hawansa alama ce ta ƙoda ta fara gazawa. Ga kuma wani busasshen tari da ya kama ni tun da na fara shan ƙwayar. Da na faɗa wa wani abokina, sai ya ce, "Ai dama, mutumina. Maganin hawan jini shi ke kashe ƙoda, ka ga duk masu wankin ƙoda ai sun daɗe suna shan sa." Maganar ta shige ni domin ta dace da abin da ke hannuna. A daren na daina sha.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da na karanta a waya gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, ɗaya rabin yana wajen matar da na ƙi komawa wurinta.

Shekara biyu da wata bakwai na yi ba magani. Abin da ya fi ƙona mini rai idan na tuna shi ne yadda na riƙa karanta alamun a juye. Na fara tashi fitsari sau biyu, sau uku cikin dare, sai na ce alhamdu lillahi ƙoda na aiki, tun da ga shi tana fitarwa. Ashe ƙoda mai lafiya ita ce ke iya tattara fitsari ya yi kauri da dare ta bar mutum ya yi barci, idan ta fara rasa wannan ƙarfin ne ruwa ke wucewa tsararo. Fitsarin yana kumfa wadda ba ta saurin bajewa, na ce ƙarfin zuba ne. Na ɗauka kuma muddin kwiɓina bai yi ciwo ba, to lafiya lau. Tsakuwar ƙoda tana ciwo, ciwo mai sa babba kuka. Ƙwayar cuta idan ta hau daga mafitsara zuwa ƙoda tana ciwo, da zazzaɓi. Amma irin lalacewar da hawan jini da ciwon suga ke yi, shiru take yin ta.

Na ƙara wa kaina da wani abin. Bayana yana ciwo saboda yawan zama, sai na saba da dikilofenak, wani lokaci ibufurofen, kusan kullum.

Matata ce ta fara gani. Wata safiya ta ce, "Maigida, dubi idonka a madubi, kwana nawa ke nan ina ganin ƙasansa a kumbure." Da yamma kuma na cire safa na ga ta bar rami a idon sawuna. A makon na koma asibiti. Kiriyatinin 1.9. Ɗaya lambar da ban taɓa kula da ita ba, wadda suke rubutawa eGFR, ta sauko 43, alhali a gwajina na farko tana 84. Wannan lambar ita ce kiyasin yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Idan ta zauna ƙasa da 60 har wata uku, an shiga ciwon ƙoda na dindindin. Daga 30 zuwa 44 ana ce masa mataki na 3b, nan nake. Ƙasa da 15 shi ne mataki na biyar, inda ake fara maganar wanki ko dashe.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi tsohuwar takardar ta duba, ta ce, "Malam, wannan 1.3 ɗin da ya firgita ka, shi ne shaidar maganin ya kama aiki." Sai ta juya takardar ta zana mini a bayanta. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kowace matata ɗan ƙullin jijiyoyi ce, da hanyar da jini ke shiga da hanyar da yake fita. A yini ɗaya suna tace ruwa kusan lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Idan jini ya hau, yana dukan matatun nan da ƙarfi dare da rana, har su fara barin furotin ya tsallake, daga nan su yi tabo su mutu. Wadda ta mutu ba ta dawowa. Waɗanda suka rage sai su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu, su ma su bi sahu.

Ta ce in tuna tiyon ruwa idan an danne bakinsa da yatsa, yadda ruwan ciki ke matsewa. Lisinofiril yana sassauta hanyar fita ne, kamar an ɗaga yatsan. Matsi ya ragu a cikin matata, tacewa ta ɗan ragu, kiriyatinin ya ɗan hau, amma matatar ta huta ta daɗe. Hawan da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, idan ya tsaya a nan, likitoci ba sa tsayar da magani a kansa. Nawa bai kai kashi 20 ba. Dalilin gwajin mako biyun ke nan, a ga iyakar hawan, a kuma duba wani sinadarin jini mai suna potasiyam, domin maganin kan ɗaga shi. Tarin ma sananne ne, da na faɗa da sai kawai a canza mini zuwa losatan, wanda yake aiki kusan iri ɗaya ba tare da tarin ba. Magana ta minti biyar. Na sha lissafa wannan a raina: minti biyar a gaban likita, da shekara biyu da wata bakwai.

Maganar abokina kuwa, har yanzu tana ba ni haushi, ba don shi ba, don na san mutane da yawa sun yarda da ita. Gaskiya ne masu wankin ƙoda da yawa suna shan maganin hawan jini, amma ba maganin ne ya kai su can ba, sau da yawa hawan jinin ne. Ita ƙodar ma tana da hannu wajen daidaita jini, tana fitar da wani sinadari mai suna renin, tana kuma sarrafa gishiri da ruwan jiki, shi ya sa idan ta lalace jinin ke ƙara hawa, hawan kuma ya ƙara lalata ta. Ita ce ke aika wa ɓargo saƙo ya yi jini, shi ya sa masu ciwon ƙoda ke fama da ƙarancin jini da kasala. Ni a da fitsari kaɗai na san tana yi.

Game da maganin ciwon bayan, ta ce shi kuma hanyar shiga yake matsewa, jini ya ragu a matatar. Mai lafiyar ƙoda da ya sha na kwana biyu ba lallai ya ga komai ba, amma ni da nawa suka riga suka jigata, kullum ina ƙara musu. Ta hana ni su gaba ɗaya, ta ce in tsaya a farasitamol. Ta kuma ja mini kunne cewa duk ranar da amai ko gudawa suka kama ni har jiki ya bushe, in kira ta kafin in sha ƙwayar ranar, domin a irin wannan halin maganin da ke kare ƙoda ma yana iya yi mata nauyi. Kira ta ce in yi, ba in yanke da kaina ba. Ta maimaita wannan sau biyu, na kuwa san dalili.

Idan kana da hawan jini ko suga, ka nemi a yi maka awon furotin a fitsari ko da sau ɗaya ne a shekara, kada ka tsaya a gwajin jini kawai, domin furotin kan bayyana tun kiriyatinin bai motsa ba. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, na rage nawa kuma na ga bambanci a awon jinina. Amma duk waɗannan da na san su ma ba su ne za su cece ni ba. Abin da ya kayar da ni shi ne takardar gwaji da na karanta ni kaɗai a tsaye.

An ɗora ni a kan losatan. Bayan mako biyu na sake gwaji, kiriyatinin ya tashi daga 1.9 zuwa 2.1. Wallahi sai da gabana ya faɗi, hannuna yana rawa, tsohon tunanin ya dawo kamar jiya. Na ninke takardar na wuce kai tsaye ɗakin likita na zauna a layi. Ta duba, ta duba potasiyam, ta ce in ci gaba da sha. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan eGFR ɗina yana tsakanin 38 da 40, kumfar ta ragu, kumburin ya tafi. Gwaji na gaba wata mai zuwa ne.