Daga Kano zuwa Damagaram: hanya, lissafin dala da maganar ruwa

Motar Daura na hau daga Kano da sanyin safiya, muka bi ta Kazaure har Kwangwalam, inda iyakar Najeriya ta tsaya. Da an tsallaka sai Ɗan Barto, sai Matamai, Kance, Takeita. A Takeita ne ake hawa babban titin da ya taso daga Yamai, a miƙe gabas kamar kilomita 50 a shiga Damagaram. Akwai wata hanyar ta Ɓaɓura da Magarya. Ko wacce ka bi, tsawon bai wuce kilomita 250 ba, amma kada ka auna tafiyar da kilomita. Shingaye ke cin lokaci: 'yan sanda, jandarma, duwan (wato kwastan), kowa da abin da yake dubawa. Wanda ya bar Kano bayan azahar yana iya kwana a iyaka.

Takardu biyu nake sa wa a aljihun gaba: fasfo da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Katin nan shi mutane suka fi mantawa, shi kuma ke sa a sauke fasinja mota ta yi ta jiransa. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka tambayi direbobin tasha abin da ake nema a makon da za ka tashi. Mai shiga da motarsa sai ya karɓi takardar izinin wucewa a duwan, ya kuma adana rasit ɗin kuɗin hanya, don ana tambayarsa a gaba.

Inda baƙo ya fi shan kunya shi ne kuɗi. Sefa ake kashewa, amma da dala ake ƙirga ta, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Na tsayar da ɗan kabu-kabu a bakin tasha na ce, "Malam, Birni nawa?" Ya ce, "Hamsin, Alhaji." Hamsin ɗin nan sefa 250 yake nufi. Ashirin ita ce sefa 100, ɗari kuma 500, daga nan sai jaka, wato 1,000. Abin da aka faɗa maka da Hausa ƙasa da jaka, ninka shi sau biyar. Abin da aka rubuta a takarda ko aka faɗa da Faransanci, yadda yake haka yake. In ka yi canji, ka roƙi a haɗa maka da 'yan 500 da 1,000 da tsaba. Takardar jaka goma ba ta sayen shayi da safe, mai shayin zai ce ba canji, kuma gaskiyarsa ce.

Garin kashi uku ne ga mai son gane shi. Birni shi ne tsohon gari, can fadar Mai Martaba take da babban masallaci, ga lunguna matsattsu da gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure. Zango unguwar fatake ce tun zamanin ayarin raƙuma da ke sauka daga Agadas, har yau gidajen attajiran da suna nan da adonsu. Tsakaninsu sabon gari ne mai ofisoshi da bankuna. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwa ya kuma tara bindigogi har da igwa. A zamanin Amadu Kuran Daga aka kashe hafsan Faransa Cazemajou a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu a Nijar, sai a 1926 aka ɗauke ta zuwa Yamai. Dattijan Birni ba su manta da wannan ɗaukewar ba, ko kaɗan. In za ka fada, nemi dogari ya yi maka iso, ka cire takalmi inda ka ga an cire, kada ka ɗaga waya sai an ce ka ɗauka. Barikin soja da ke kan duwatsu kuwa ko nuna shi da waya kada ka yi.

Duwatsun nan da suka ƙawata garin su ne suka hana shi ruwa. Ƙasan Damagaram dutse ne, rijiya ba ta ba da abin kirki, shi ya sa ake turo ruwa daga nesa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, famfo kan yi kwanaki a bushe a wasu unguwanni, sai ka ga jarkoki masu cin lita 25 jere a kan amalanke, 'yan garuwa na kai wa gida-gida. Kafin ka biya kuɗin masauki ka murɗa famfon banɗaki, ka tambaya ko suna da tanki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin zuwa, sai dai ƙurar hunturu.

Alhamis ce ranar kasuwa, ranar ne Kasuwar Dole ke cika. Gero, wake, gyaɗa, kanwa, dabino, ga dabbobin da da yawansu Najeriya za a kora. Aikin dukawa shi ne abin saye: jakunkuna, takalma, matasan fata. Shinshina fatar kafin ka taya. In tana wari ba ta jemu ba, da ta ji damina za ta yi fumfuna. Kilishi kuma a sa a yanka maka a gabanka, a naɗe a takarda, leda na sa shi gumi.

Arewa da gari, a hanyar Tanut, matatar man fetur ta SORAZ take, wadda aka buɗe a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana na man da ake haƙowa a yankin Agadem. Ba wurin yawo ba ne. Mai sauran kwana ɗaya gara ya yi gabas zuwa Mirya, kilomita 18 kacal, ranar Lahadi da kasuwarta ke ci, ya ga lambuna ya dawo kafin magariba.