Ɗan baƙon da ke zuwa mana a watan Satumba

Ina shanya a bayan gidanmu a Hustan, jihar Tekzas, sai na ji gunji kusa da kunnena kamar na zanzaro. Ina waigawa sai ga ɗan tsuntsu tsaye cak a iska, tsawonsa bai wuce yatsa ba, bayansa kore shar, baki siriri kamar allura. Maƙogwaronsa baƙi na gani da farko, amma da ya fuskanci rana sai ya koma ja kamar garwashi. Sha-kauci na gida ya faɗo mini a rai, ko da yake ba dangi ba ne. Shi wannan hamingbad ake ce masa, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samun irinsa.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ita ta koya mini rataya masa mazubin ruwan sukari: sukari ma'auni ɗaya, ruwa huɗu, ba zuma, ba kala. Kuskuren da na yi shi ne barin ruwan ya kwana shida cikin zafi. Ya yi tsami, baƙar fumfuna ta fito a bakin mazubin, tsuntsayen suka ɗauke ƙafa. Abin ya dame ni ƙwarai da na ji cewa irin wannan ruwan yana iya yi musu lahani. Tun daga ranar, duk kwana biyu nake wankewa in zuba sabo.

Ga faɗa! Namiji guda ya kafa kansa a reshe yana korar duk wanda ya matso, har macen mai farin maƙogwaro bai ƙyale ba. Sai da na rataya mazubi na biyu a inda idonsa ba ya kaiwa sannan sauran suka samu sha.

Zarin nasu yana da dalili. Nauyinsa kusan giram 3 ne, yana kaɗa fiffike wajen sau 50 a daƙiƙa, har da baya yake tashi. A Satumba yakan ci ƙananan ƙwari ya sha ruwan fure har nauyinsa ya kusa ninkawa, domin wasunsu sukan tsallaka Tekun Meziko, kimanin kilomita 800, ba inda za su sauka, su je su yi hunturu a kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya.

Ban sauke mazubin ba sai ƙarshen Oktoba, saboda masu makara. Ta ƙarshe da na gani mace ce. Ta sha da sassafe, ta tsaya daidai fuskata ɗan lokaci, ta wuce ta saman katanga.